Ranar da Kukucka Ya Kai Mikiya Wanka

Abu biyu ne ba a kawo musu raini a garinmu Orlovica: miyar kabeji da ƙungiyar hokin ƙanƙara. Miyar dai ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ƙungiyar kuwa, Mikiyoyin Orlovica, tun ina tatata take rukuni na uku na Slovakiya, kuma ba ta taɓa faɗuwa ƙasa da nan ba, don a yankinmu babu rukuni na huɗu. Ni ne mai sanarwa a lasifikar filin. Duk cin da aka yi mana, da bakin nan nawa aka shelanta shi, saboda haka in na ba da labari a saurara.

Shugaban ƙungiyar a lokacin shi ne Vendelin Kukucka, mai kamfanin klobasa, naman nan da ake ɗurawa a hanji a banda shi da hayaƙi. Gajere ne mai tumbi, gashin bakinsa kamar burushin goge takalmi. In dokin mai baki ya fi gudu, to na Kukucka har fiffike gare shi. Shi ne wai a ƙuruciyarsa ya ɗaɗa wa faifai sanda, wato ɗan abin nan da ake bugawa a hoki a maimakon ƙwallo, faifan ya huda raga, ya huda katangar fili, ya je ya kakkaɓo hankaka daga kan hasumiyar coci. Shi ne manyan ƙungiyoyin birni suka biyo har gida, mahaifiyarsa ta hana. Sai dai duk faɗin garin babu mahalukin da ya taɓa ganinsa da takalmin zamiya a ƙafa. In an tambaye shi sai ya shafa gwiwa ya girgiza kai. Yau ta dama, gobe ta hagu.

Da abin ya tsaya a nan, da mun ci gaba da zamanmu lafiya. Sai 'yar ƙanwarsa ta yi aure a Kanada. Ya je biki, ya dawo da wata hula mai kunnuwa da magana ɗaya a baki. A Kanada ba haka ake yanka burodi ba. A Kanada kare ba ya haushi sai da dalili.

Wata Lahadi da yamma, bayan 'yan Smrekova, maƙwabtanmu kuma abokan gabarmu na gado, sun yi mana dukan kawo wuƙa, muka taru a mashayar Gizela kamar yadda muka saba, muna tsine wa alƙalin wasa. Sai Kukucka ya hau kan kujera don a gan shi, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Jama'a, na gano ciwon ƙungiyar nan."

"Mu ma mun gano shi," in ji Gizela daga bayan teburin sayarwa. "Ga shi can tsaye a kan kujerata da takalmi."

Bai kula ta ba. "Ciwon shi ne garin nan. A Kanada, in gari ya yi wa ƙungiya kaɗan, naɗe ta ake yi kamar tabarma a kai ta inda arziki yake. Na gama magana da magajin garin Teplany. Mikiya za ta tashi."

Teplany tana bayan dutse, garin wankan ruwan zafi ne, inda tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa daga ƙasa-ƙasa su jiƙa ƙashi.

Wanda ya fara samun bakin magana shi ne Ignac, mai tsaron ragarmu, mai gidan burodi, kuma ƙanin matar Kukucka. Mutum ne mai faɗi, in ya tsaya a raga rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin ne matsalarmu.

"Mijin Yaya, Teplany fa ka ce? Garin da ƙaramin yaron cikinsa ke da jikoki?"

"Garin otal-otal! Baƙi daga Jamus, baƙi daga Austiriya, aljihu a cike, ba aikin fari ba na baƙi sai jiƙa ƙafa. Ku auna fa'idar da kanku. Zaure mai rufin kirki, ba wannan rumbun namu da dusar ƙanƙara ke zubo wa mutum a ƙeya ba. Kujeru masu katifa. Banɗaki mai ƙofa!"

"Namu ma da ƙofarsa," in ji wani daga lungu.

"Tana ina?"

"Tana gidanka. Kai ka are ta ka rufe akurkin kaji."

"Riguna sababbi," Kukucka ya ɗaga murya ya danne dariyar. "Talabijin. Baɗi war haka muna rukuni na biyu. Baɗin baɗaɗa kuwa…"

"Kanada," muka ce baki ɗaya.

Fada Metod, limamin cocinmu, ya ajiye kofinsa. Wasa ba ya wuce shi, kuma duk garin ba wanda ya kai shi iya zagin alƙali ba tare da ya ɗauki zunubi ba.

"Vendelin, ka faɗi fa'ida, bari in faɗi illa. Yaran nan ba hoki ne ke ciyar da su ba. Ignac burodi yake gasawa. Ɗan wasan gabanmu malamin makaranta ne. 'Yan bayanmu biyu su ne 'yan kwana-kwana. In ka kwashe su bayan dutse, gari ya kama da wuta, wa za mu kira? Alƙalin wasa?"

"Bas za ta kai su ta dawo da su, Fada."

"Masu kallo fa?"

"Masu kallo! Wane kallo kuke yi? Zagi kawai kuka iya."

"To ai shi ne kallon," in ji Gizela. "Kana tsammani Bajamushe mai ciwon baya zai fito cikin sanyi ya zo ya gaya wa Ignac cewa kakarsa ta fi shi kama faifai? Wannan ƙauna ce, Vendo. Ba a kasuwa ake samunta ba."

Ignac ya share ido da bayan hannu. "Gaskiya ne, Anti Gizela. Ba mai iya zagina kamar mutanen gida."

"Ni kuma fa?" ta ci gaba. "Wa zai zo ya zubar da baƙin cikinsa a nan ran Lahadi? In kun ci, 'yan tsiraru ke leƙowa. In an ci ku, gari duka. Da kayenku na aurar da 'ya'yana. Yanzu kuma ka ce za ka kai wa wasu arzikina?"

Na ce, "Shugaba, shi kuma filinmu?"

"Ma'ajiyar klobasa zai koma. Ga sanyi kyauta."

A nan ne dariya ta ƙare. Filin nan iyayenmu ne suka gina shi da hannunsu, bayan an tashi daga aiki. Babu gidan da ba shi da wanda ya zubar da haƙori a cikinsa. Gizela ta zo ta janye kujerar, Kukucka ya sauko ba shiri.

Abin da ya faru a gidansa ba na wurin, amma tagarsu a buɗe take, kuma matarsa Slavka ba ta buƙatar lasifika.

"Ubana ne ya fara zuba ruwa a filin nan da bokiti! Kai kuma za ka rataye hanji a ciki?"

"Slavka, wannan harkar wasanni ce ta zamani, ba ki san kanta ba."

"Na san kanka ai. Kai da ko a banɗaki, in ƙasa ta jiƙe, sai ka dafa bango kana kiran sunana."

"Gwiwa ce."

"Wacce daga ciki?"

Aka ji shi yana ta gyaran murya.

"Je ka, Maigida. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho." Sai aka ji ƙarar faranti ana ɗauke shi daga gaban mutum tun bai gama ba.

Tunda ƙaura ta zama magani, mutanen gari suka ce bari su taya shi. Ya tashi da safe ya ga ƙyauren gidansa ya yi ƙaura, aka same shi jingine da allon da ke nuna hanyar Teplany. Bayan nan ɗakin karensa ya bi, da karen a ciki. Mai rabon wasiƙu ya shiga tura duk wasiƙunsa can. Ran Lahadi ya shiga coci ya tarar bencinsa na sahun gaba yana waje a baranda.

"Fada, mene ne haka?"

"Na auna fa'ida da illa, Vendelin. Wajen ya fi iska, kuma ya fi kusa da hanya."

Tsofaffin mata kuwa suka koma sayen klobasar Smrekova, wadda kowa ya san rabinta burodi ce. Suna ci suna yamutsa fuska, amma suna ci. Kukucka ya bi titi yana murza gashin baki yana cewa, "Hassada ga mai rabo taki ce."

Ranar tashi ta zo da wani sanyi mai fasa haƙori. Babban kayan ƙungiyar shi ne Kaka, tsohuwar motar gyaran fili, wadda ke zagayawa tana kankare ƙanƙara tana shimfiɗa ruwa a bayanta ya daskare sumul. Direbanta ya ce ko gawarsa ba za ta je Teplany ba. Kukucka ya ce ko a jikinsa, shi zai tuƙa ta da kansa a gaban ayari, don a Kanada shugaba ne ke shiga gaba. Ya ɗaura mata tuta, ya sa hularsa mai kunnuwa, ya haye. Bayansa bas ɗin 'yan wasa, ina ciki. Bayanmu motar klobasar da za a raba wa manyan Teplany. Can ƙarshe motar ɗan sandan da aka ba mu rakiya.

Hawan dutse Kaka ta yi shi kamar kunkuru mai azumi, har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce mu ta ce mana sannu. Da muka kai ƙololuwa hanya ta fara gangara, sai Kukucka ya ga rufin otal-otal ɗin Teplany a ƙasa, farin ciki ya kama shi, ya ce bari ya danna ham. Ya laluba ya ja wani ƙarfe. Ham bai yi kuka ba. Ya sake ja da ƙarfi.

Mu da ke baya muka ga ruwa yana malalowa daga gindin Kaka, shimfiɗa guda daga wannan gefen titi zuwa wancan, yana daskarewa tun kafin ka ce kwabo.

Direbanmu ya taka birki. Bas ta ce ba ta san wannan ba. Ta juya a hankali tana rangwaɗa kamar amarya, muka wuce Kukucka da baya, muna kallonsa ta gilashi yana ɗaga mana hannu. Muka je muka nutse cikin tulin dusar ƙanƙara a gefen hanya, lafiya lau. Motar klobasa ta yi juyi uku, ƙofarta ta wangale, kayan suka bi gangara, karnukan ƙauyukan nan suka yi sallar da ba su taɓa yi ba. Sai ga motar ɗan sanda ta zo tana katantanwa, shi yana ciki ya rufe ido ya riƙe hularsa da hannu biyu.

Kukucka kuwa ko waiwaye bai yi ba. Ya ɗauka tsere muke don girmama shi.

'Yan wasa suka fito daga bas, suka dubi titi yana ƙyalli har gindin dutse, suka dubi juna, suka zauna suka ɗaura takalma. Haka Mikiyoyi suka shiga Teplany, a guje kan titin gwamnati. Ignac ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa taka ƙanƙara mai kyawun wannan ba. An rufe hanyar har sai da aka zo da gishiri aka watsa ya narkar da ƙanƙarar, jaridar lardi ta buga hotonmu. Kukucka ya yanke hoton ya manna a ofis.

"Talla ce," in ji shi. "A Kanada sai ka yi roƙo kafin a sa ka a shafin farko."

Magajin garin Teplany, Alojz Holub, siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mai barci a kusa. Shi ya kai mu zauren da aka ba mu. Tsohon kwamin ninƙaya ne na wani otal. Kukucka ya sa ma'aikatansa masu haɗa firjin nama sun rufe kwamin da katako, sun shimfiɗa bututun sanyi a kai, sun zuba ruwa.

"Yallaɓai," in ji magajin gari cikin raɗa, "ka dai san ruwan zafinmu ta ƙarƙashin nan yake ratsawa. Tun zamanin sarakuna bai taɓa tsayawa ba."

"Bar shi ya ratsa! Injin nan nawa ko wutar jahannama aka ba shi sai ya mai da ita ƙanƙara. Sanyi ai sanyi ne, ko na nama ko na hoki."

"To madalla. Sai ɗan abu guda. Sunan nan, Mikiya. Baƙinmu da yawa masu ciwon zuciya ne. Ko za a samu tsuntsu mai ɗan sauƙin hali?"

Haka muka zama Agwagin Teplany. Aka kawo sababbin riguna ruwan ƙwai. Kamfanin da ya ɗauki nauyinsu mai yin maganin basir ne, kuma ya dage sai an buga tallarsa a daidai wurin da maganin ke aiki. Malamin makaranta ya juya wandonsa ya karanta, ya ce shi ɗalibansa kawai yake tunani.

Wasan buɗe fili ya faɗo ran Lahadi da rana, kuma da yake Allah ba ya barci, da 'yan Smrekova aka haɗa mu. Zaure ya ɗauki mutane ba laifi. Duk tsofaffi ne cikin fararen rigunan wanka, kowa da ɗan kofinsa na ruwan magani yana kurɓa. Ga mai ɗaukar hoton talabijin ɗin lardi a gefe. Kukucka yana sama kusa da magajin gari, ya kumbura kamar zai fashe.

Na ja numfashi na kama lasifika. "JAMA'A BARKANKU DA…"

Aka dafa kafaɗata. Wata shugabar nas-nas ce, mai fuska kamar ƙofar kurkuku. "Malam, a hankali. Lokacin hutun marasa lafiya ne."

A raɗe na karanta sunayen 'yan wasa, kamar mai faɗin sunayen mamata.

Aka jefa faifai. Ba a jima ba ɗan bayanmu ya haɗa wani ɗan Smrekova da katanga, gwaram, irin haɗin da a gida sai an tashi tsaye an yi masa kirari. Wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara ta ce a kira 'yan sanda. Wani dattijo ya jawo rigata ya tambaye ni yaushe 'yan matan nan masu riguna masu walƙiya za su fito su yi rawar ƙanƙara, don shi abin da aka gaya masa ke nan a otal.

Sai muka ji ganga daga waje.

Ƙofa ta buɗe, Orlovica ta shigo. Gari duka, har da masu jego. Gizela a gaba, Fada Metod na biye da ganga rataye a wuya, Slavka a tsakiya ta harɗe hannu. Kowa ya ɗaura ƙyalle kore, launin Smrekova. Suka cika duk inda ya rage, suka ɓarke da waƙar yabon mutanen da kakanninmu suka mutu suna zagi.

'Yan Smrekova suka rikice. Kyaftin ɗinsu ya zo wurin alƙali ya tambaya ko tarko ne.

Amma abin da ya karya mu ba waƙar ba ce. Aka zura wa Ignac na farko ta tsakanin ƙafafu, irin cin da ko makaho zai tare. Ya juya ya fuskanci mutanen gida, ya buɗe ƙirji yana jira. Ba wanda ya ce masa uffan. Aka zura na biyu. Shiru. Ya cire hular ƙarfensa.

"Anti Gizela! Ko 'rariya' ki ce mini mana!"

"Ba na zagin baƙo," in ji ta, ta kau da kai.

Ƙaton nan ya tsaya a raga yana sharɓar kuka cikin rigar agwagwa.

Kafin a je hutun farko, numfashin jama'a daga sama da ruwan zafi daga ƙasa suka haɗu a kan ƙanƙarar Kukucka. Ta fara gumi. Faifai ya riƙa tafiya yana tsayawa cikin kududdufi kamar mai neman wurin zama. Sai hazo ya taso, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, har ya zamana kawuna kawai ake gani suna yawo. Ni da kunne na koma aiki: in na ji Ignac ya saki salati, sai in raɗa cewa an ci. 'Yan wasa biyu suka yi ta dambe cikin hazo, sai da suka gaji suka gane duk namu ne.

Alƙali ya busa usur ya ce wasa ya tsaya, ƙanƙara ba ta da lafiya.

Kukucka ya gangaro daga sama yana tuntuɓe da sandunan tsofaffi. "Wa ya ce? Wa ya ce ba ta da lafiya? Ƙanƙarar nan ta fi kanka tauri! A Kanada a kan wadda ba ta kai wannan ba ake buga wasan ƙarshe!"

"Yallaɓai, dubi takalmina, a cikin ruwa nake tsaye."

"Raɓa ce!"

Sai muryar Slavka ta ratsa zauren, zaƙi-zaƙi, irin muryar da duk mai aure ya san ba alheri a bayanta.

"Maigida, kar ka tsaya musu da yaro. Sa takalmi ka shiga ka nuna musu irin ta da."

Fada Metod ya doki ganga. Gari duka ya ɗauka: "Kukucka! Mai hankaka! Kukucka! Mai hankaka!" Tsofaffin ma suka shiga tafi, sun ɗauka rawar ce za a fara. Mai talabijin ya juyo da na'urarsa. Kukucka ya kai hannu zai shafa gwiwa, ya dubi kyamara, ya dubi magajin gari, ya ga ba hanya. Malamin makaranta har ya riga ya durƙusa yana ɗaura masa takalmi, cikin ladabi.

Ya sa ƙafar dama a kan ƙanƙara, ta yi gabas. Ya sa ta hagu, ta ce ita yamma za ta. Ya cafki alƙali, alƙali ya zame ya bar masa usur. Ya tafi suuu yana iyo da hannuwa cikin iska, hazo ya haɗiye shi, ba a ganin komai sai kunnuwan hula suna fiffika. Can sai ga shi ya ɓullo a tsakiyar fili, a tsaye, da ikon Allah, ya rungume sandar wani. Shi kansa ya yi mamaki. Da ya ga bai faɗi ba, sai bakin ya dawo.

"Kun gani? Kun gani, 'yan baƙin ciki? Dutse ce! Ku duba!"

Ya ɗaga ƙafa ya doka. Ya sake dokawa. Sannan ya tattara tumbinsa ya yi tsalle.

Ƙanƙara ta ce ƙaƙas. Katako ya ce ɓaras. Shugaban Agwagin Teplany ya tafi ƙasa a tsaye kamar an ja shi da igiya, tururi ya tashi har rufi. Da ya lafa sai ga kansa a tsakiyar wani rami mai faɗi, ruwan zafi har wuya, gashin baki ya kwanta, hula na yawo a gefensa.

"Wayyo! Ku cece ni! Ina dahuwa! Slavka!"

"Ɗan ƙara jimawa, Maigida," in ji ta. "An ce yana maganin gwiwa."

Su kuwa tsofaffi, da suka ga tururi da ruwan ɗumi, sai fuskokinsu suka washe. Sai yanzu aka zo wurin da suka gane. Suka ajiye kofuna, suka tuɓe rigunan wanka, suka nufi katanga. Mutanen da aka kawo a keken guragu na gani da idona suna haura katangar nan. Ƙanƙara ta ci gaba da ɓallewa, rami na ƙara faɗi, suna silalawa ciki ɗaya bayan ɗaya suna ajiyar zuciya. Wani dattijon Bajamushe ya zauna dab da Kukucka, ya ɗaga masa kai, ya miƙa masa soso ya juya masa baya.

Ignac ne ya kwanta rub da ciki, ya miƙa sandarsa ya saƙalo bel ɗin mijin yayarsa, ya jawo shi waje kamar tarwaɗa.

"Na gode Allah," in ji shi yana haki. "Yau dai na kama wani abu."

A wannan karon ban yi raɗa ba. Na buɗe lasifika har ƙarshe na shelanta kamun, da sunan mai kamawa da na abin da aka kama.

Hukumar wasa ta ba Smrekova nasara, ta kuma haramta hoki a zauren har abada. Ba mu jira ta ba. A cikin bas, tun kafin mu bar Teplany, aka ɗaga hannu aka zaɓi Slavka shugaba. Rigunan agwagwa muka bar wa otal su goge ƙasa. Muna kaiwa kan dutse, rufin rumbunmu mai yoyo ya bayyana a ƙasa, sai Gizela ta juyo daga kujerar gaba ta dubi Ignac sama da ƙasa.

"Kai rariya! Kakarka ta fi ka!"

Ya yi murmushi har kunne.

Kukucka a Teplany muka bar shi kwance a gadon jinya, bayansa ya riƙe. Da muka koma duba shi, ni da Slavka, muka tarar da magajin gari zaune a bakin gado da furanni a hannu.

"Yallaɓai," in ji shi cikin raɗa, "baƙinmu sun ce tunda suke zuwa garin nan ba su taɓa jin daɗi irin na ran nan ba. Likitoci sun ce dariyar ta yi musu abin da ruwa bai yi ba. Har daga Jamus ana bugo waya ana tambaya yaushe za a sake."

Kukucka ya yunƙura ya tashi zaune. "Na faɗa! Ban faɗa ba? Slavka, a dawo da ƙungiya!"

"A'a, a'a, ƙungiyar ku riƙe abarku, hayaniyarta ta yi yawa. Kai muke so. Kowace Lahadi da rana. Za mu riƙa daskarar da 'yar siririyar ƙanƙara a kan kwamin, ka shigo da takalmin nan da hular, ka yi jawabi, ka yi tsalle."

Kafin Kukucka ya haɗa leɓe, Slavka ta miƙa wa magajin gari hannu sun ƙulla ciniki.

Yanzu haka duk Lahadi, lokacin da ake cin mu a gida cikin zagi da kwanciyar hankali, shi yana can bayan dutse yana nutsewa, zaure a cike. Da yamma ya iso mashayar Gizela, gashi a jiƙe, yana ƙamshin ruwan magani, ya zauna ya dubi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya cikin tausayi.

"Ku gaya mini," yakan ce, "tunda aka kafa garin nan, ɗan wasa nawa aka taɓa zuwa daga waje aka saya?"

Sai ya buga ƙirji.

"Ɗaya tak. Ga shi zaune."

Abin haushin shi ne, wannan karon ba ƙarya yake yi ba.